Saifar Munawwara

Malanville, 8 ga Satumba

Munawwara ta buɗe ido, Sajo. Yau da hantsi ta buɗe ido, ta dubi uwarta, ta dube ni, ta ce a ba ta fura. Ba ta mutu ba. Na sa wanga labari a gaba don ko da za ka fizge takardar daga hannun Rukaiya ka jefa wuta kafin ta kai ƙarshe, to ka riga ka ji abin da ya kamata ka ji.

Bayan haka, gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Ina fatan kana lafiya, da matarka Aisatu, da dukan mutanen ruga a Toumboutou, da shanu, tunda na san su ka fi so a tambaya. Mu nan lafiya, sai godiyar Allah. Rukaiya, ke ma ina gaishe ki. Ki karanta wa babanki komai yadda na rubuta, kada ki tausasa masa ko kalma guda. In kin ga kuskure ki yi haƙuri, da furfura na shiga ajin yamma.

Ban so in yi maka takarda ba. Sau goma sha ɗaya na kira wayarka tun ran Talata. Shekara arba'in kana aje sandarka a rumfata ta albasa duk ranar kasuwa, ɗanka Bilyaminu na auren ɗiyata Zulfa, jika ɗaya gare mu ni da kai, amma ka kasa danna waya ka ji ko tana da rai. Abin da ya zo mini daga gare ka kawai shi ne saƙon da ka ba mai kabu-kabu, wai tunda Zulfa ta ɗauki yarinya ta gudu, in an yi gawa kada a kawo maka. To, ba a yi gawa ba.

Na san abin da ke cin ka. An ce a ruga ana faɗin surukarka ta kunyata ka gaban mutane. Bari in maimaita maka yadda Zulfa ta ba ni labari, in akwai ƙarya ka aiko. Kwana uku yarinya na masassara, kuna lulluɓe ta da bargo kuna yi mata turare. Ran na huɗu ka taɓa kwiɓinta na hagu, ka ji saifa ta sauko ƙarƙashin haƙarƙari ta yi tauri. Ka sa aka hura wuta, ka ɗauko ƙarfen da kake yi wa maruƙa lalas da shi, ka cusa cikin garwashi, ka tafi duba tatsa kafin ya yi ja. Ita kuwa ta goya ɗiyarta ta ratsa cikin gero har bakin hanya, ko takalmi ba ta tsaya ɗauka ba. Yarinya 'yar shekara uku ce, Sajo, ba maraƙi ba.

Kafin su iso gidana ta fara jijjiga, ido ya juye. Muka wuce gidan likita kai tsaye. Majo Hasiya, babbar mai jinya ta ɗakin yara, ta soki yatsanta ta ɗiga jini, ba a jima ba ta ce palu ce, wato zazzaɓin cizon sauro, mai tsanani, kuma jinin yarinya ya yi ƙasa ƙwarai. Aka yi mata allura, aka ƙara mata leda guda ta jini. Kwana uku tana kwance ba ta san wanda ke kanta ba. Ban buɗe rumfa ba, albasa ta ruɓe in ta ga dama.

Ka san ni da tambaya. Na dami Majo har ta gaji ta haɗa ni da Ango, mai awon jini, ya bar ni na sa ido a madubinsa. Na ga jinin jikarka da idona. Wasu abubuwa ne birjik kamar ƙananan faya-fayai, ya ce su ne jajayen ƙwayoyin jini. Cikin wasu akwai ɗan zobe, ya ce ita ce cutar da sauro ya zuba mata, wadda ta fara laɓewa a hanta kafin ta faɗo cikin jini. Can gefe kuma ga wata babba, cikinta da ɗigo-ɗigon baƙi kamar ta haɗiyi gawayi. Ya ce wagga farar ƙwayar jini ce, ta Munawwara ce, baƙin da ke cikinta kuwa ragowar abin da ta cinye ne na cutar. Na daɗe ina kallonta har Ango ya ce akwai masu jira.

Ga abin da na fahimta, kuma zan faɗa maka da karnuka tunda ba ka san komai ba sai bayan saniya. Karen ruga ba wanda ya kai shi lakkol ya zauna aji don ya san kura, da saninta aka haife shi. Haka Allah ya halicci jiki da nasa masu gadi tun daga ciki. Cutar na hayayyafa cikin jajayen ƙwayoyi, in ta cika sai ta fasa su ta watso. Masu gadin na jin ƙazantar da ta watso sai su yi haushi su tada kowa, jiki ya ɗauki zafi. Masassarar da kuke ta fama ku kora da hayaƙi, jikinta ne ya hura ta don ya takura wa cutar, ku kuma kuka ƙara mata bargo. Majo ta ce in haushin ya yi yawa shi ma ɓarna yake yi, yana cikin abin da ke kai yaro ga suma. Akwai kuma wasu masu gadi da sai mutum ya sha palu damina da damina kafin su koyi aikinsu, irina ke nan da ajin yamma. Ni da kai muna da su. Munawwara ba ta da su tukuna, na haihuwa kawai gare ta, kuma su ne suka riƙe mata ƙofa kwana huɗu har allura ta zo. Su kaɗai da ba su iya ba. Majo ta ce da an ƙara yini guda da yanzu wani zance ake yi.

Saifar da ka so ka ƙona kuwa, can ne matattararsu. Har yanzu tana kumbure, yatsa huɗu ƙasa da haƙarƙari. In an sallame su gidana za su zauna, ba za ta taka ruga ba sai ta saɓe. Na gaya maka tun yanzu don kada ka ce na yi maka ba-zata.

Duk da haka murna nake yi, har na kasa zama wuri ɗaya. Amaryata ta tashi, ta sha fura ludayi uku, ta ja mini gemu. Ka gaida Aisatu, ka ce mata na ji kukan da ta yi, Allah ya share mata hawaye.

Ni ne naka,
Na-Allah mai albasa


Malanville, 23 ga Satumba

Zuwa ga Sajo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ina fatan kun ga ƙarshen damina lafiya, kai da iyali da dukiya. An ce mini ƙafarka ta dama ta sake tashi, Allah ya sawwaƙe. Munawwara na tafiya da ƙafarta har ƙofar gida, tana cin tuwo, sai dai tana saurin gajiya. Tana shan maganin ƙarin jini kullum da safe, tana kwana cikin gidan sauro.

Amsarka ta iso ran Laraba, a kan babur. Ka turo Bilyaminu ya ɗauki yarinya ya kai maka, ka ce in bai zo da ita ba kada ya dawo, in kuma Zulfa ta hana to ita ma ta zauna gidan ubanta ke nan. Na ji. Kai ne kakan wajen uba, na san wa ke da iko da ɗiya, ba sai an tuna mini ba. Amma da za ka ga ɗanka ran nan da ka ji kunya. Ya tsuguna a zaure ya kasa haɗa ido da ni. Da na matsa masa sai ya ɗaga rigarsa ya nuna mini tabo uku a kwiɓinsa, ya ce kai ka yi masa su yana ƙarami, ga shi kuma da ransa. Na ce masa na san su, ina tsaye aka yi.

Sai ya faɗi sauran saƙon, bai san nauyin abin da ka ɗora masa ba. Wai in tuna wurin wa na kai Taufiq.

Shekara talatin da ɗaya ban ambaci wanga zance gabanka ba, kai ma ba ka ambata ba, na ɗauka mutunci ne muke yi wa juna. Tunda ka buɗe, bari Rukaiya ta ji, don ba a haife ta ba lokacin. Taufiq ɗana ne na fari, wan Zulfa. Yana shekara huɗu ya yi irin wagga masassara, saifa ta sauko. Ni da kaina na saɓa shi a kafaɗa na kai shi rugarka, don kowa ya san hannunka. Ni na danne masa ƙafafu. Ka ɗora ƙarfen sau uku, da kyau ka yi, ba ka yi ganganci ba. Ka ce a ba shi kwana huɗu saifa za ta saɓe. Muka zauna muna jira. Ran na biyar muka rufe shi, ƙunar ba ta ko bushe ba. Uwarsa Balkisu har ta koma ga Allah ba ta ƙara gasa nama a gidana ba, ka taɓa tambayar kanka dalili?

Ban ce ƙarfenka ya kashe shi ba. Ajali ne, kuma ni na kawo shi. Amma kwana huɗun nan da muka yi muna kallon ciki muna jira, su nake ƙirgawa har yau. Bilyaminu ya rayu, Taufiq ya mutu, ƙarfe ɗaya, hannu ɗaya, wata ɗaya. Kai ka riƙe na Bilyaminu kana nuna wa mutane. Nawa ba ya nunuwa.

Na kai zancen tabon Bilyaminu ga Majo Hasiya ranar da muka koma awo. Ba ta zage ka ba, ni ne na so ta zage ka. Ta ce saifa na can ciki, ƙarfe fata kawai yake ci. Wanda ya warke bayan lalas jikinsa ne ya yi nasara, saifa ta koma don aikinta ya ƙare, sai a yaba wa ƙarfe. Ta ba ni misali da gadarmu ta kan iyaka. Ta ce saifa kamar duwan take, masu binciken kaya a bakin gada, duk jinin jiki sai ya bi ta ƙofarta, ƙofar kuwa matsattsiya ce. Lafiyayyar ƙwaya na lanƙwashewa ta wuce. Wadda ta ɗauko cuta ta yi tauri, sai ta maƙale, masu gadi su cinye ta. Ka tuna lokacin da aka rufe gada, manyan motoci suka yi layi har bayan gari? Haka saifar Munawwara ta cika ta kumbura. Cikin cunkoson har lafiyayyun ma da yawa sun tafi, shi ya ƙara rage mata jini. Yanzu cutar ta mutu, layin ne ke raguwa sannu a hankali. In ka ƙona ta a wanga hali, ka buɗe wa jikin da bai gama yaƙi ɗaya ba wani sabo. Ta kuma ce kada kowa ya danna wurin da ƙarfi, don saifa mai kumburi na iya fashewa.

Tun ranar da aka sallame su ta ɗauki biro ta ja layi a cikin yarinyar daidai inda bakin saifa ya tsaya, ta koya mini yadda ake lalube a hankali. Duk Asabar ni ke jan sabon layi, Zulfa na maimaita tsofaffin in wanka ya goge su. Daga yatsa huɗu ta koma uku. Munawwara ta ɗauka ado ne, tana ɗaga riga tana nuna wa masu sayen albasa.

Ɗanka bai koma ba, ka sani. Ba ni na riƙe shi ba. Ya shiga wurin matarsa, ya ga layin biro, ya ɗauki ɗiyarsa ya daɗe yana jijjiga ta, ya fito ya tura babur cikin shagona. Can yake kwana kan buhuna. Da safe yana taya ni tsince ruɓaɓɓiyar albasa, mutumin da tun tashinsa bai san wani aiki ba sai kiwo. Kowane motsi sai ya dubi hanyar Toumboutou. Ka kori ɗa, ka kori suruka, ka ƙi jika, duk don kada a ce mace ta tsere wa ƙarfenka. Wa ke kai maka shanu mashaya yanzu, da wagga ƙafa taka?

Maƙwabta sun ce in kai ƙara wurin jandarma. Na ce ba ni kai mutumin da muka ci abinci ƙwarya ɗaya. Amma ka ji da kyau, in ƙarfen nan ya ƙetare zaurena, zan manta mun taɓa cin komai tare.

Ka gaida Aisatu. Rukaiya, ki yafe mini abin da na sa bakinki ya faɗa.

Na-Allah


Malanville, 21 ga Oktoba

Sajo,

Ta saɓe. Yau da safe na kwantar da ita na laluba, na sake lalubawa, ban ji komai ba sai taushin ciki da dariyarta. Ban yarda da hannuna ba, na ɗauke ta muka tafi wurin Majo. Ta laluba, ta sa ta ja numfashi, ta sake lalubawa, ta ce saifa ta koma ƙarƙashin haƙarƙari inda Allah ya aje ta. Ango ya auna jini ya ce ya hau, kuma bai ga zobe ko ɗaya ba. Tun daga gidan likita har kasuwa a wuyana ta zo, ina tafe ina gaisawa da mutanen da ban sani ba.

Ina gaishe ka, ina fatan kana lafiya da iyali duka. Na ji kun fara yankan gero, Allah ya sa albarka. Wata guda ke nan ba ka ba ni amsa ba, amma labarinka na zuwa mini, don bakinka bai yi shiru ba.

Wani mai sayen shanu daga Madécali ya zauna rumfata shekaranjiya. Ya ce ya ji daga bakinka, gaban mutane, wai labarin da ake kai maka na saifa na raguwa ba abin mamaki ba ne. Wai saifa ba ta saɓewa sai da wuta, don haka Na-Allah ya kira wanzami a ɓoye ya yi wa yarinya lalas, yana ta cika baki da likita don kada a ce ya bi maganarka. Wai layin biro ma don a rufe tabo ne. Na yi fushi har na kasa cin abinci. Daga baya kuma na zauna na yi tunani, na ga ba ƙarya ka shirya ba, da gaske haka ka yi imani. Ya fi maka sauƙi ka ce ni munafuki ne da ka ce yara nawa ka ƙona a banza. Na san nauyin, don ni ma na danne ƙafafun ɗaya daga cikinsu. Amma ba za ka sauke shi a kan sunana ba.

Zulfa ta wanke mata ciki da sabulu, biro ya fita tas. Babu tabo, babu tsaga, babu ko ƙwarzane. Fata ce sumul kamar ranar suna.

Ga abin da muka yanke, ni da Bilyaminu da Zulfa. Suna son gidansu. Ɗanka ya rame, ɗiyata na kuka in ta tuna ɗakinta da 'yan awakinta, yarinya na tambayar ina kakanta mai shanu. Amma ba mai aike da zai ɗauke su, ba kuma za su koma a sace kamar masu laifi ba. Kai za ka zo. Duk ƙasar nan ba hannun da ya kai naka sanin kwiɓi, ban taɓa musun wanga ba. Ka sa hannun nan a cikin jikarka, a hankali, ka nemi saifa, ka nemi tabo. In ka samu ɗaya daga ciki, ka faɗa gaban kowa, ni kuma in tashi tsaye in ce na yi ƙarya. In ba ka samu ba, ba na neman ka ba ni haƙuri, na san ba ka iya ba. Ka ce wa ɗanka ya tada babur kawai, su bi ka gida ranar, da gidan sauronta da sauran maganinta. Sharaɗi ɗaya ne, duk ranar da jikinta ya sake zafi, gidan likita za a nufa kafin rana ta faɗi.

Ran Asabar mai zuwa zan yanka rago, na riga na saye shi, yana ɗaure bayan shago. Ka zo da Aisatu. Rukaiya, ki zo ki ga yarinyar da kika yi kusan wata biyu kina karanta labarinta. Ka gayyato mutanen ruga duka, waɗanda suka ga Zulfa ta ratsa gero ba takalmi, da matan da suka hura wutar, da duk wanda ya ji zancenka a Madécali, da duk uwar da ke da yaro mai kumburin ciki tana jiran ƙarfe ya yi ja. Tabarmi sun isa, in ba su isa ba akwai buhuna. Ƙarfen kawai za ka bari a gida. Ku zo ku gani da idonku, ku taɓa da hannunku.

Wassalam. Ni ne abokinka, ko ka so ko ka ƙi,
Na-Allah mai albasa, kakan Munawwara